Jirgin da Aka Ji Tsoron Saukarsa

Ranar Asabar, 2 ga watan Agusta na shekarar 2014, gabanin azahar, wani ɗan ƙaramin jirgin sama ya sauka a sansanin mayaƙan sama na Dobbins, kusa da birnin Atlanta na jihar Jojiya a ƙasar Amurka, ba ya ɗauke da kowa in ban da matuƙansa da 'yan ma'aikatan lafiya da majinyaci guda ɗaya, wanda tun daga Monrobiya yake kwance cikin wani tanti na leda da aka kafa a tsakiyar jirgin. Majinyacin nan likita ne mai shekara 33, sunansa Kent Brantly, kuma shi ne mutum na farko da aka taɓa shigowa da shi ƙasar Amurka yana ɗauke da cutar Ebola. Da motar ɗaukar marasa lafiya ta isa asibitin jami'ar Emory, masu ɗaukar hoto suna shawagi a sama cikin jirage masu saukar ungulu, sai aka ga ya sauko da ƙafarsa, lulluɓe cikin farar rigar kariya tun daga ka har tafin ƙafa, wani yana riƙe da shi, ya taka a hankali ya shiga. Bayan kwana uku jirgin ya sake dawowa da Nancy Writebol, mai shekara 59, domin mutum ɗaya tak yake iya ɗauka a kowane sawu.

Tun kafin jirgin ya tashi daga Laberiya, Amurka ta ɗauki zafi. Donald Trump, wanda a wancan lokaci attajirin gine-gine ne mai shiri a talabijin, bai zama shugaban ƙasa ba tukuna, ya rubuta a Twitter cewa kada a kuskura a bar masu cutar su shigo, yana mai cewa waɗanda ke tafiya ƙasashe masu nisa don taimako sun yi abin yabo, amma wajibi ne su ɗauki sakamakon tafiyarsu. Shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, Dokta Tom Frieden, ya faɗa da bakinsa cewa wasiƙun zagi da kiraye-kirayen waya sun yi ta zuwa ofishinsa, kowa yana tambayar da wane dalili za a ɗauko annoba da hannu a kawo ta gida. Abin bai tsaya ga magana ba. Likitan da ke shugabantar sashen da aka kwantar da su, Dokta Bruce Ribner, ya ba da labari daga baya cewa hukumar yankin ta yi barazanar toshe wa asibitin magudanar ƙazanta, kamfanin kwashe shara ya ƙi taɓa kome sai an riga an dafa shi a tukunyar tururi, masu kai saƙo suka ƙi ɗaukar jinin gwaji zuwa hedkwatar CDC alhali kuwa maƙwabciyar asibitin ce a titi ɗaya, har masu kai abinci suka daina zuwa wa ma'aikata.

Mutanen nan biyu suna aiki ne a asibitin mishan na ELWA da ke gefen Monrobiya. Brantly ɗan ƙungiyar Samaritan's Purse ne, ita kuwa Writebol, wadda aikinta shi ne fesa ruwan kulorin ga likitoci in sun fito daga ɗakin masu cutar, 'yar ƙungiyar SIM ce, wadda dattawanmu suka sani da sunan Sudan Interior Mission, mai asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wadda kuma aka kafa ta a 1893 da nufin shigowa ƙasar nan tamu, Nijeriya. Annobar da ta same su ta faro ne a watan Disamba na 2013 a ƙauyen Meliandou na kudancin Gini, ta tsallaka Laberiya da Saliyo, kuma kafin ta lafa ta kama mutum fiye da 28,600, ta kashe fiye da 11,300.

Ba na jin adalci ne a kira masu tsoron nan jahilai a wuce. Abin da talakan Amurka ya sani game da Ebola a lokacin shi ne ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, kuma a bayyanarta ta farko a Yambuku ta ƙasar Zayar a 1976 ta kama mutum 318 ta kashe 280. Yana kuma ganin hotunan gawarwaki a titunan Monrobiya kowace maraice. Mutumin da ya ga wannan, sa'an nan aka ce masa hukuma da kanta za ta ɗauko cutar ta ajiye a tsakiyar birninsa, in ya tambayi dalili bai yi laifi ba. Inda aka yi kuskure shi ne wajen gane ta wace ƙofa haɗarin yake shigowa, kuma wannan ba ya ganuwa sai an fahimci yadda cutar take yaɗuwa.

Ebola ba ta bin iska kamar ƙyanda ko tarin fuka. Tana bin ruwan jiki ne, watau jini da amai da zawo da sauransu, in suka taɓa ido ko baki ko hanci ko wani rauni a fata. Tana ɓoye a jiki daga kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma muddin ba ta bayyana ba mai ita ba ya harbin kowa. Da zazzaɓi ya fara, ƙwayar cutar sai ta yi ta ƙaruwa a jini kullum, har ya zama majinyacin da ke gab da ajali, da kuma gawarsa bayan ya cika, su ne mafiya haɗari. Saboda haka ne cutar ta fi cin masu jinya da masu wankan gawa, watau mafiya kusanci da mafiya tausayi, ta ƙyale wanda ya wuce ta ƙofar gida. Idan kuwa haka ne, to majinyacin da aka san cutarsa da sunanta, aka san ranar zuwansa da sa'arta, aka tanadi waɗanda za su taɓa shi da abin da za su sa kafin su taɓa shi, shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikin dukan masu ɗauke da ita. Wutar da aka hura a murhu ana zaune ana kallonta ba ita ke cin gari ba, tartsatsin da ya faɗa jinka ba wanda ya gani shi ke ci.

Tanadin da aka yi kuwa ba na dare ɗaya ba ne. Tantin da ke cikin jirgin, na kamfanin Phoenix Air, an ƙera shi ne shekaru kafin haka tare da CDC da ma'aikatar tsaro, bayan annobar SARS, don ɗauko ma'aikatan hukumar in sun kamu a bakin aiki. Iskar cikinsa ba ta fita sai ta bi ta matata, in an sauka kuma a kwance shi a ƙone. Sashen da ke Emory an gina shi tun 2002, yana da ɗakin gwaje-gwajensa na kansa, ma'aikatansa kuma sun shafe shekara goma sha biyu suna bitar sa riga da tuɓe ta, da wani tsaye yana duba kowane motsi, ba tare da cuta irin wannan ta zo musu ba. Irinsa huɗu ne kacal a duk faɗin Amurka a lokacin. An yi ta zancen wani maganin gwaji mai suna ZMapp da aka ba su tun suna Laberiya, da kuma jinin wani yaro mai shekara 14 da ya warke wanda aka ƙara wa Brantly, amma likitocin da suka yi jinyarsu sun fi jingina warkewar ga abin da ba shi da ban mamaki: ƙarin ruwa, da auna gishirin jini a kai a kai ana mayar da abin da ya zube, domin mai Ebola yana iya zubar da ruwa har lita goma a yini. An sallami Writebol ran 19 ga Agusta, Brantly ran 21. Mutum huɗu aka yi wa jinya a sashen nan a wannan shekara, duka suka tashi, kuma ko ma'aikaci ɗaya bai kamu ba.

Sai ga cutar ta shigo ta inda ba a tsare ba. Ran 20 ga Satumba wani ɗan Laberiya mai suna Thomas Eric Duncan ya sauka a Dallas ta jihar Texas cikin jirgin fasinja, lafiyarsa ƙalau a zahiri, bayan ya taimaka wajen ɗaukar wata maƙwabciyarsa mai juna biyu da ke fama da ciwo a Monrobiya. Da zazzaɓi ya kama shi ya tafi asibiti, ya kuma faɗa cewa daga Afirka ya zo, amma aka ba shi magani aka sallame shi. Bai dawo ba sai bayan kwana biyu da wani abu, cikin motar asibiti, jiki ya yi tsanani. Ya rasu ran 8 ga Oktoba, kuma ma'aikatan jinya biyu da suka kula da shi suka kamu, ko da yake Allah ya ba su lafiya. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a farkon ciwon ba wanda ya kamu. A taƙaice mutum 11 aka yi wa jinyar Ebola a Amurka, biyu suka rasu, kuma babu mutum ko ɗaya da ya ɗauki cutar daga waɗanda hukuma ta ɗauko da saninta.

Mu a Nijeriya mun riga Dallas ganin wannan. Ran 20 ga Yuli na wannan shekara, Patrick Sawyer, ma'aikacin gwamnatin Laberiya, ya sauka a Legas a kan hanyarsa ta zuwa taron ECOWAS a Kalaba, ya yanke jiki ya faɗi a filin jirgi, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ce ta yi zargin Ebola, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ta biya da ranta ran 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka bi sawun kusan mutum 900 gida gida da dabarun da aka koya a yaƙin shan inna, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke ƙasar ran 20 ga Oktoba. Da an san abin da Sawyer yake ɗauke da shi tun kafin ya sauko daga jirgi, da la'alla waɗanda suka tallabe shi da hannu tsirara suna raye.

Amma fa kada a ɗauka cewa duk ƙasar da ta ɗauko ɗanta ta kuɓuta. Sifaniya ta ɗauko limaman coci biyu, Miguel Pajares daga Laberiya a watan Agusta da Manuel García Viejo daga Saliyo a watan Satumba, dukansu suka rasu a asibitin Carlos na Uku da ke Madrid, sa'an nan ran 6 ga Oktoba aka tabbatar cewa Teresa Romero, mataimakiyar jinya da ta shiga ɗakin na biyun, ta kamu, ita ce kuwa ta farko da ta ɗauki cutar a wajen Afirka a wannan annoba. Ta ce mai yiwuwa ta taɓa fuskarta da safar hannu wajen tuɓe riga. Abokan aikinta suka fito zanga-zanga suna cewa horon da aka ba su na 'yan mintoci ne, asibitin kuma ana cikin rage masa aikin cututtuka masu yaɗuwa aka kawo masa wannan nauyi. Ta yi kwanaki tana kai kukan zazzaɓi kafin a killace ta. Hukuma kuwa, da ta tashi nuna himma, sai ta kashe karenta. Ta warke daga baya. Darasin Madrid shi ne jirgi da rigar leda ba su wadatar ba in babu hannun da ya goge da tuɓe rigar, kuma ƙasar da ba ta da wannan, talakanta yana da hujja in ya ce a dakata.

Musulmi mai karanta wannan labari ba zai rasa tuna wata mas'ala ba, domin magabata sun riga sun tattauna ta. Wajen shekara ta 18 bayan hijira Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya nufi Sham, da ya isa Sarg aka tarye shi da labarin annobar ɗa'uni. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansar suka saɓa, dattawan Ƙuraishawa suka ce a koma, ya yanke komawa, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ke nan, ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Sa'an nan Abdurrahman bin Auf ya zo ya ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shiga ƙasar da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinta don gudu. Mai gaggawa zai ce ashe ɗauko majinyaci daga Laberiya saɓa wa wannan ne. Sai dai malaman da suka yi sharhin hadisin, irin su Imamu Nawawi da Ibnu Hajar, wanda shi kansa ya binne 'ya'yansa mata a annobar Masar, sun rarrabe tsakanin mai fita don tsira da kansa da mai fita don wata buƙata tabbatacciya, suka kuma ambaci saɓani game da mai fita neman magani. Daga cikin hikimomin hanin da aka ambata akwai cewa in masu lafiya suka watse, marasa lafiya za su rasa mai ba su ruwa, matattu su rasa mai yi musu sutura. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin ma'abotansa ne. Amma in aka auna da wannan illa, likitan da ya zauna cikin annoba yana jinyar mutane har ta kama shi ba ya cikin sahun masu gudu, kuma fitar da shi a killace, ta yadda ba ya cuɗanya da kowa, ta kiyaye ɗaya maƙasudin, watau hana yaɗuwa.

Akwai kuma maslahar da masu cewa a rufe ƙofa ba su lissafa ba. A ƙarshen 2014 abin da Gini da Laberiya da Saliyo suka fi buƙata shi ne likitoci da ma'aikatan jinya daga waje, kuma ba kowa zai amsa kira ba in ya san cewa ranar da ya kamu ƙasarsa za ta juya masa baya. Ko waɗanda suka dawo lafiya ba su tsira ba. Kaci Hickox, ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a Saliyo tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, ta sauka a Newark ran 24 ga Oktoba, aka tsare ta kwana uku a tanti a harabar asibiti bisa umarnin gwamna Chris Christie, alhali gwaji ya nuna ba ta da kome, sai da alƙali a jihar Maine ya hana a ci gaba da tsare ta a gida. William Pooley kuwa, ɗan Birtaniya da jirgin soja ya kai asibitin Royal Free na Landan a watan Agusta, da ya warke sai ya koma Saliyo bakin aikinsa. Annobar da aka kashe a Kenema ta Saliyo ba za ta zo Landan ba, kuma masu kashe ta su ne irin waɗannan.

Mafi munin abin da tsangwama take haifarwa shi ne ɓoyo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tarbi Sawyer ya sulale daga hannun masu sa ido a Legas ya tafi Fatakwal, wani likita ya yi masa jinya a asirce a ɗakin otal. Shi ya warke, likitan ya rasu, bayan ya harbi matarsa da 'yar'uwarsa da wata majinyaciya. Tsoro kuma in ya rasa bayani sai ya nemi nasa magani, kamar yadda muka gani da asubahin 8 ga Agusta, sa'ad da wayoyi suka yi ta ƙara daga Legas har Maiduguri, 'yan'uwa suna tashin juna a yi wanka da ruwan gishiri a sha, abin da ya kai mutane asibiti ya kuma kashe aƙalla biyu. Da korona ta zo a 2020 aka sake maimaita halin a wurare dabam dabam: a garin Novi Sanzhary na Yukiren mutane suka jefi motocin 'yan ƙasarsu da aka kwaso daga Wuhan, waɗanda ba su ma da ciwon, a nan arewa kuwa aka yi akasin abin da aka yi a Atlanta, aka loda almajirai ɗari ɗari a motoci ana mayar da su jihohinsu, galibi ba gwaji kafin tashi, sai da suka isa Kaduna da Jigawa aka tarar da dama suna ɗauke da cutar, bayan sun yi sa'o'i kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ba su da ita.

Duk wannan muhawara ta masu jirgi ce. A Amurka da Turai gaba ɗaya mutum 27 aka yi wa jinyar Ebola a wannan annoba, biyar suka rasu, watau ƙasa da biyu cikin goma, alhali a Afirka ta Yamma ƙidayar hukuma ta nuna huɗu cikin goma, a farkon lamarin ma har bakwai. Cutar ɗaya ce, bambancin yana ga gado da ruwa da yawan hannuwa. Ma'aikatan lafiya fiye da 500 suka rasu a ƙasashen uku. Dokta Sheik Umar Khan na asibitin Kenema, wanda ya shafe shekaru yana yaƙi da zazzaɓin Lassa kafin Ebola ta zo, ya kamu a watan Yuli, aka yi shawarar ba shi ZMapp aka fasa don gudun abin da zai biyo baya in gwajin ya kashe shi, shirin fitar da shi waje bai tabbata ba, ya rasu a Kailahun ran 29 ga wata, kwana huɗu kafin jirgin Brantly ya sauka. A watan Satumba gwamnatin Saliyo ta roƙi Hukumar Lafiya ta Duniya ta biya kuɗin kai Dokta Olivet Buck wani asibiti a Hamburg ta ƙasar Jamus. Hukumar ta ce ba za ta iya ba, amma za ta taimaka a yi mata jinya a gida, ta kuwa rasu cikin 'yan kwanaki. Saliyo ta shiga annobar da likitoci wajen 136 ga mutum miliyan shida, kuma kafin shekarar ta ƙare ta binne goma sha ɗaya daga cikinsu.